Sulallan da Saja Ya Wanke

Yayana Saja Njikam ya shekara talatin da ɗaya yana aikin jandarma, kuma in ka tambaye ni abin da ya koyo a ciki, zan ce maka goge-goge. Ban taɓa jin an ce ya kama ɓarawo ba. Amma kan ɗamararsa da maɓallan rigarsa da hancin takalminsa, ko a Yawunde ba a ga irinsu ba, in ji shi. Da ya yi ritaya ya dawo garinmu Fumban sai ya rasa abin gogewa, ya faɗa wa kayan gida. Ya goge butar alwala har ta huje. Ya goge cokula, ya goge kwaɗon ƙofa, ya goge lambar gida har lambar ta ɓace. In ka je gaishe shi ka daɗe a zaune, sai ka ga idonsa yana kan agogonka.

Ni kuwa, Shu'aibu Fifen, sana'ata akasin tasa ce. Maƙerin zubi ne ni a layin masu sana'a, kamar ubana. Mukan ƙera siffa da kakin zuma, mu lulluɓe ta da yumɓu, mu narka tagulla mu zuba. Wannan kowa ya iya. Abin da ya sa ake nemana daban shi ne tsufa. Kawo mini mutum-mutumin da aka zuba ranar Litinin, ka ba ni mako uku, in miƙo maka shi ya shekara ɗari biyu. Hayaƙin murhu, manja, kunkunniya, sai turken awakin matata Pasma. Baturen da zai saya ya riƙe shi da hannu biyu kamar jariri, ya tambaye ni wane sarki ne ya mallake shi, ni kuma in zaɓa masa sarki.

Na faɗi wannan ne don a san irin mutane biyun da Allah ya damƙa wa tukunyar kakanmu.

Ɗana Zunedu shekararsa ashirin da huɗu. Shi kaɗai ne namiji, ƙannensa uku mata ne. Ya yi shekara biyu a jami'a, ƙarfina ya ƙare, ya dawo gida. Maƙera ba ta shiga ransa ba. Ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana yi wa baƙi ƙarya ba. A gabana ya faɗa, na yi kamar ban ji ba. Tun bara na lura bakinsa ya cika da sunayen garuruwan da bai taɓa gani ba: Garwa, Yola, Kano, Damagaram, Agadas. Daga Agadas sunaye sukan ƙare, sai rairayi. Samarin unguwarmu biyar sun bi wannan hanya. Biyu suna turo hoto. Ɗaya an ce yana wani kurkuku. Biyu kuwa iyayensu sun daina tambaya.

Abokinsa Mulyom ya riga ya sa musu ranar tafiya, mako guda bayan Babbar Sallah. Na kira Zunedu na yi faɗa, na yi lallashi, na jawo aya. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce, "Baba, ka saya mini babur in yi acaɓa, in zauna. In babu, ka sa mini albarka kawai."

Na ce zan saya. Da me zan saya, ban sani ba. Turawa sun yi ƙaranci a layinmu, waɗanda suke zuwa kuma sun yi wayo, sai su ɗauki hoto su wuce. Tun daga ranar tuwo ya daina yi mini daɗi.

Saura mako shida Sallah aka kwana biyu ana ruwa, katangar tsohon madafin kakarmu ta faɗi. Pasma ta je tsamo itace a cikin ɓaraguzan ta dawo da wata 'yar tukunya an toshe bakinta da kaki. Kakanmu ɗan dako ne a zamanin Jamus, yana ɗaukar kaya a ka har bakin teku, daga baya ya koma fataucin goro. An sha cewa ya mutu da kuɗi, muka ɗauka zancen tsofaffi ne. Da muka fasa kakin sai ga sulalla cikin ruɓaɓɓiyar fata, sun fi sittin. Yawancinsu azurfa ce ta Jamus, gefe ɗaya gaggafa, gefe ɗaya kan wani sarkinsu mai miƙaƙƙen gashin baki. Akwai kuma na jan ƙarfe masu hoton zakara. Duk sun yi baƙi. Wasu baƙin ya koma shuɗi-shuɗi kamar wuyan tattabara, wasu ƙasa ta manne musu.

Zunedu ya shimfiɗa su a kan farin zane a tsakar gida, ya ɗauki hotonsu ciki da baya da wayarsa. Kafin la'asar ya samo wata mata a Duwala, Madam Ekwala, tsohuwar ma'aikaciyar banki da ta koma saye da sayar da tsofaffin kuɗi. Ta ce in suna nan yadda ta gani a hoto, a kawo mata, abin da za ta biya zai sayi babur har a yi canji.

Ranar na ci tuwon masara malmala uku.

To amma gidan da tukunyar ta fito gidan ubanmu ne, kuma Saja ne aka ɗora a kujerar uba. Abin da ya fito daga ƙasar gidan, hannunsa yake fara zuwa. Don Allah, bai yi rowa ba. Shi 'ya'yansa mata ne, duk sun yi aure. Ya ce kuɗin na babur ɗin Zunedu ne, shi ko sisi ba ya so. Da rowar ya yi, da ya fi mana sauƙi.

Ya ɗauki guda ɗaya ya murza da babban yatsa, ya yatsine fuska.

"Wannan ƙazantar za ku kai Duwala? Da sunan gidanmu?"

Zunedu ya ce, "Baba Saja, ta ce kada a wanke. Bari ka ji da bakinta." Ya kunna saƙon muryarta. Murya ce ta mace mai shekaru, tana magana a hankali kamar mai karanta wa ɗan kurma wasiƙa. Ta ce kada a goge, kada a kankare, kada a kusantar da su da lemon tsami ko toka ko wani mai. Ta ce baƙin nan shi ne rigar kuɗin, shekara ɗari ya ɗauka yana sawa, wanda ya tuɓe masa ita ya tuɓe masa daraja. In ƙasa ta manne, a jiƙa a tataccen ruwan da ake sayarwa a kantin magani, a riƙa canza ruwan kullum har ƙasar ta saki da kanta, a ɗora a kan tsumma mai laushi a bar shi ya tsotse ruwan. A riƙa kamawa ta gefe, kada yatsa ya hau fuskar. Kowanne a naɗe shi a takardarsa.

Saja ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Ka ji 'yar kasuwa! Ai dole ta ce kar a wanke. Ta saya da datti a arha, ta shiga ɗaki ta goge, ta sayar da tsada. Yaro, ni na yi aiki a Duwala shekara shida. Mutanen da ko kwatar ƙofar gidansu ba su iya sharewa ba, su za su koya mini tsabta?"

"Ba ita kaɗai ta faɗa ba, Baba Saja. Duk masu tara irin kuɗin nan haka suke cewa."

"Masu tarawa! A ina ka gan su? A waya? Ni da idona na ga Janar ya tsaya a gabana ranar fareti, ya dubi kan ɗamarata ya gyara hularsa a ciki. A ciki ya gyara! Shu'aibu, ka taɓa ganin inda tsabta ta rage wa abu kuɗi?"

Nan ne ya kamata in buɗe baki. Zunedu ya dube ni. Ni da nake cin abinci da baƙin tsufa, na fi kowa sanin akwai masu biyan kuɗi saboda shi. Amma ga abin da ke raina, kuma yau ba zan ɓoye ba: ni ban ɗauki tsufa a bakin komai ba. A wurina abu ne da ake shafawa. In an wanke, a sake shafa wani. Don me zan yi jayayya da magajin gida a gaban yaro saboda abin da nake da shi tuli a turken awaki?

Na ce, "Zunedu, ba a musu da manya."

Ya durƙusa ya tsinci guda tara, waɗanda ƙasa ta fi kamawa, ya ce a bar masa waɗannan ya gwada yadda matar ta ce.

Saja ya ce, "Ɗauki. Ka yi musu wankan jego. In sun kwana bakwai ka gaya mana mu zo suna."

Ya tattara sauran a hularsa ya tafi.

Kwana uku ba a ga Saja a majalisa ba. Matarsa ta gaya wa Pasma cewa ya sa an matse masa lemon tsami kwano guda, ya tankaɗe toka, ya aika rafi aka ɗebo masa yashi mai laushi. Ya fara da tsohon burushin haƙori, da ya ga bai ci ba ya koma soson ƙarfe na wanke tukunya. Daga ƙarshe ya fito da gwangwanin man goge tagulla da ya taho da shi daga bariki, wanda ko ɗansa na cikinsa ba zai bari ya taɓa ba, da yana da shi.

Shi kuwa Zunedu yana ɗakinsa da kwanon tangaran da kwalbar ruwan kantin magani. Kullum da safe ya zubar da ruwan ya zuba sabo, ya tsaya yana kallo. Na leƙa sau ɗaya na ga sulallan suna nan baƙi ƙirin yadda suke, sai ɗan laka a gindin kwano. Na ce a raina, karatun jami'a ke nan, a sayi ruwa da kuɗi a ƙasar da ruwa ke rushe katanga.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Saja ya aiko a kira mu. Ya tara dattawan unguwa uku, an dafa kofi. Ya fito da faranti an rufe da jan ƙyalle, ya yaye kamar mai buɗe sabon masallaci. Wallahi sai da na runtse ido. Suna walƙiya kamar yau aka buga su. Dattawa suka yi ta "Tubarkalla." Ɗaya ya ce wannan ai ko banki ka kai sai su karɓa.

Zunedu ya ɗauki guda ta gefe ya karkata ta wajen haske.

"Ina gashin bakin?"

"Wane gashin baki?"

"Na sarkin. Ran nan ana ƙirga silin gashin ɗaya-ɗaya. Yanzu kamar an yi masa aski."

Saja ya ce, "Datti ne ka ɗauka gashi."

Zunedu ya ɗauki hoto ya tura. Ba a daɗe ba amsa ta zo, kuma tsautsayi ya sa ya kunna a gaban kowa. Wannan karon muryar ba ta yi a hankali ba.

"Wane mara imani ne ya yi wannan aika-aika? Ɗana, jaki kuka ba su ya lasa? Na ce kada a taɓa! Yanzu sai dai a ɗora a sikeli kamar tsohon ɗankunne."

Dattawa suka dubi kofunansu. Saja ya ce wannan dabarar karya farashi ce, ya san irinta, a bar shi da ita.

A hanyar gida Zunedu yana gaba ina baya. Na ga yadda yake tafiya, kafaɗa a sake, kamar wanda ya riga ya ɗauki jaka. Na cim masa na dafa shi.

"Kwantar da hankalinka. Tsufa take so? Ai gidan tsufa ta zo. Saura mako biyar Sallah, uku sun ishe ni."

"Baba, don Allah ka bar su haka. An yi ɓarna ɗaya, ta isa."

"Kai, ka san mutum nawa suka hau jirgi da aikina? Akwai wani doki da na yi, yana cikin gilashi a ƙasar Turai yanzu haka, an rubuta masa shekaru a ƙasa. Masana ne suka duba shi, masu gemu. Sai wata mai ƙirga kuɗin mutane a banki?"

Na karɓo sulallan daga wurin Saja da cewa zan adana. Ban taɓa yin aiki da zuciya ɗaya kamar wannan ba. Na dafa ƙwai na farfasa, na rufe su tare da sulallan a tukunya kwana biyu, azurfar ta dushe. Na shafa musu manja kaɗan, na jera a rariya na rataye saman murhun Pasma, hayaƙin ɗanyen itace yana dukansu safe da yamma. Na sauke na murza kunkunniya a cikin rubutun, na share saman da tafin hannu don ya zama kamar hannuwan mutane ne suka cinye. Sannan na naɗe su a tsohuwar fata na binne a turken awaki, a kusurwar da bunsuru ya fi so.

Pasma tana tsaye da tsintsiya ta ce, "Baban Zunedu, yayanka ya yi musu wanka, kai kuma ka kai su makewayi. Allah ya jiƙan Kaka, da ya san jikokin da zai samu da ya ci goronsa da kuɗinsa."

Na ce mata aikin maza ne.

"Na gani," in ji ta.

Da na tono su, ni kaina sai da na yaba wa kaina. Baƙi mai kyau, har da ɗan kore a gefen na jan ƙarfen. Na wanke sama-sama na shanya a inuwa. Saja ya zo ya gani ya kusa faɗuwa, ya ce na lalata masa aikin kwana uku. Muka yi cacar baki a tsakar gida, kowa yana kiran ɗan'uwansa jahili, kuma yau na gane duk cikinmu babu wanda ya yi ƙarya.

Saura kwana goma Sallah muka hau motar Duwala bayan sallar asuba, mu uku. Saja ya ce dole ya je, don mace ba za ta yi wa gidanmu wayo yana raye ba. Ya sa tsohuwar ɗamararsa a kan jamfa. Muka isa bayan azahar, zafi kamar a cikin maƙera.

Madam Ekwala a saman wani bene take, ɗaki ɗaya mai sanyi, da akwatunan gilashi a jikin bango. Gajeriya ce mai furfura, da tabarau a rataye a wuya. Ta ba mu ruwa, ta shimfiɗa wani kore ƙyalle a tebur, ta sa farar safar hannu. Na kwance jakata zan juye.

"A'a, a'a! Ba gyaɗa ba ce, Malam. Ɗaya-ɗaya."

Na jera. Ta dube su daga nesa, ta dubi Zunedu.

"Ɗana, ba waɗannan ka turo mini suna ƙyalli kamar gwangwanin madara ba?"

Zunedu ya sunkuyar da kai. Ni na amsa. Na ce ai da aka ajiye su sai baƙinsu ya dawo da kansa, abin tsoho haka yake.

Ta ɗauki guda ta gefe. Ba ta ma sa tabarau ba. Hanci ta kai.

"Malam Fifen, awaki nawa gare ka?"

"Huɗu," na ce, kafin hankalina ya iso.

Ta ajiye. "Da bunsuru a ciki."

Saja ya yi gyaran murya. "Madam, ni tsohon jami'in tsaro ne. Mu yi maganar farashi, mu bar maganar dabbobi."

"Kai ne mai soson ƙarfen?"

"Ni na tsabtace su."

"Sannu da aiki, Saja. Allah ya sa ba kai kake yi wa jikokinka wanka ba."

Ta jawo fitila ta miƙo mini wani ɗan gilashi mai ƙara girma, ta ce in sa ido. Na sa. Abin da na gani ba zan manta ba. Ƙarƙashin baƙin da na shafa, fuskar sarkin duk kunya-kunya ce kamar gonar da aka yi wa huɗa, layi bisa layi, duk sun nufi gefe ɗaya, inda hannun Saja ya bi. Kunkunniyata kuma ta shiga cikin kowane layi ta zauna, ta fito da shi fili. Da na bar su da ƙyallinsu, da sai an duba sosai. Ni na bi ɓarnar yayana da tawada.

Ta ce, "Tsufa ba ya hawa kan sabon rauni, Malam. Kuma hayaƙin Fumban na san shi. Marigayi mijina ya cika mini ɗaki da sarakunanku na shekara ɗari biyu, har yau in damina ta yi warin manja suke."

Na ce, "Amma wallahi waɗannan na gaskiya ne! Kakanmu ne ya..."

"Na sani. Ai shi ne abin takaicin. Da a goge kuka kawo su, da na biya kuɗin azurfar na ɗan ƙara. Yanzu in na sa su a gilashina, wanda ya shinshina zai ce Madam ta fara sayar da kayan layin masu sana'a, ya koma yana zargin sauran kayana. Shekara nawa kana mai da sabo tsoho ana saya? Yau ka samu na gaskiya ka mai da shi jabu. Kwashe, ka kai wa maƙeran zobe."

Saja ya miƙe ya ce zai kai ƙara. Ta tambaye shi wa zai kai, kansa ko ƙaninsa.

Sai Zunedu ya ciro wani ɗan kwali daga aljihu. Ya buɗe, ga 'yan takardu a naɗe, kowace da nata. Ya warware a hankali yana ajiyewa ta gefe. Baƙi ne, amma ba irin nawa ba. Ƙasar ta tafi, baƙin ya zauna a cikin rubutu da tsakanin gashin gaggafa, saman kuma ya yi toka-toka mai laushi. Wata tana ɗaukar shuɗi in haske ya taɓa ta. Ga gashin bakin sarki, sili-sili.

Madam ta sa tabarau. Ta bi su ɗaya-ɗaya da gilashinta.

"Wa ya taɓa waɗannan?"

"Ruwa ne kawai, Mama. Kwana goma sha biyu."

"Ka goga da tsumma?"

"Ɗorawa na yi, ya tsotse."

Ta juyo ta dube mu, ni da Saja, manya biyu da furfura. "A gida ɗaya kuka haife shi?"

Ta saya. Ba ta yi ciniki irin na mugunta ba, har ni na san ta biya da kyau. Ta sa kuɗin a ambulan ta miƙa wa Zunedu a hannunsa, ba ni ba, ba magajin gida ba. Sai da muka sauko titi sannan Saja ya ce da ma ya faɗa, da dattin take so don ta samu na gogewa.

Washegarin dawowarmu na kai sauran wurin wani maƙerin azurfa. Ya ɗora a sikeli, ya ware na jan ƙarfen ya turo mini, ya ce waɗannan a ba yara. Na haɗa abin da ya ba ni da abin da na san yana cikin ambulan, na tafi wurin mai sayar da babura a bakin tasha. Ya saurare ni da ladabi. Ya ce ko tsohon babur da aka yi wa aiki sau biyu ya fi ƙarfin wannan kuɗin. Na zagaya layinmu ko wani zai sayi dawakan tagulla biyu da nake da su. Kowa yana da nasa dawakan.

A hanyar gida ne lissafin ya faɗo mini, har na tsaya a tsakiyar titi wani ɗan acaɓa ya zage ni. Kuɗin ambulan ba su kai babur ba. Amma sun kai Agadas.

Na ce wa Zunedu ya ba ni zuwa ƙarshen shekara, zan cika. Na ce zan sayar da awakin. Na ce abubuwa da yawa. Ya ce, "To, Baba." Tun yana yaro in ya ce "to" irin wannan, na san an gama.

Aka yi Sallah. Ya taya ni fiɗa, ya kai wa Saja cinya, ya yi wasa da ƙannensa. Bai gudu ba, wannan zan faɗa masa har gaban Allah. Ranar da Sallah ta cika mako, da hantsi, ya fito da 'yar jaka a kafaɗa ya durƙusa a ƙofar maƙera. Mulyom yana tsaye daga nesa yana duban ƙasa. Pasma ta shige madafi ta ƙi fitowa.

"Baba, mun yi magana. Babu babur."

Na so in ce laifin Saja ne. Bakina ya ƙi.

"Ka sa mini albarka."

Na ɗora hannuna a kansa, hannun duk kunkunniya. Na sa masa.

Yau wata huɗu. Ya kira daga Kano, ya kira daga Damagaram. Daga Agadas ya turo saƙo cewa gobe za su shiga mota, in an ji shiru kada a damu, babu hanyar waya ne. Ina cajin wayata sau biyu a rana. Na daina karɓar aikin tsufa, duk da ba wanda ya hana ni. In na ɗauki manja sai in ji warin ɗakin matar nan mai sanyi.

Saja yana nan lafiya. Ya karɓi ɗaya daga cikin masu zakaran, ya sake goge ta, ya huda, ya rataya makullinsa. A majalisa yana ba da labarin yadda wata 'yar Duwala ta so ta cuce mu ya taka mata burki.

Da Pasma ta shiga share ɗakin Zunedu ta samu 'yar takarda a naɗe a kan taga. Ashe takwas ya sayar. Cikon ta taran tana ciki, baƙa, da gashin bakinta cif. A bayan takardar ya rubuta da biro: "Ta Kaka ce. Kada a ba Baba Saja. Baba, kai ma kada ka gyara."

Tana cikin akwatina. Wani lokaci nakan buɗe in duba. Ta gefe nake kamawa.